Sabon ɗalibin ginin yumɓu: a fara masa da keken juyi ko da ginin hannu?

Malama Mai Yumɓu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. An wuni lafiya? Ya sanyi? Shawara nake nema a wurin waɗanda suka riga ni shiga harkar nan. Wata cibiyar koyon sana'a a nan Maradi ta damƙa mini aji na 'yan mata da samari waɗanda ba su taɓa riƙe yumɓu ba, kuma an samar mana keken juyi guda biyu, wato faifai mai juyawa da ake gina yumɓu a kansa, irin wanda ake shura da ƙafa. Abin da ake so su iya kafin ƙarshen zango shi ne ƙananan kwanonin ƙasa masu zane, waɗanda za a iya kaiwa kasuwa. Damuwata ita ce idon kowa yana kan keke. Ba mai son dakan yumɓu da tacewa, ba mai son cuɗa. Wasu tun ranar farko tambayarsu ita ce yaushe za a fara zane. Ni a ganina bai kamata su hau keke ba sai sun yi sati uku ko huɗu suna gini da hannu, amma ina tsoron kada su gaji su watse. Me kuka gani?

Mushen Zane:
Wa alaikumus salam Malama. Allah ya taimaka. Kada ki hana su keken gaba ɗaya, kada kuma ki sakar musu shi. Keke biyu ne fa, ko kin so ba duka za su hau lokaci guda ba. Ki raba su gida uku: wasu na gyaran yumɓu, wasu na ginin hannu, biyu na kan keke, ana zagayawa. Yaron da ya ga cewa yumɓun da ya cuɗa da kansa shi ne zai hau da shi keke, ba sai kin roƙe shi ya cuɗa da kyau ba. Ranar da ƙwallon tsakuwa ya yage masa gefen kwano a hannu, daga ranar zai riƙa tankaɗe tsakani da Allah.

Ɗan Maginiya:
Salamu alaikum. Ni ɗan Tibiri ne, gidanmu gidan magina tukwane ne tun kakanni. Na karanta ma Inna saƙon Malama, ga abin da ta ce in rubuta. Ta ce su dai da anka koya masu, yarinya takan yi shekara tana ɗauko ƙasa, tana daka tsingaro, tana taka yumɓu, ba ta gina komi ba sai 'yan asusu da kaskon wasa. Ta ce wanda bai san ƙasa ba, komi kyan injin da anka ba shi, fasasshen abu zai fitar. Kuma ta ce a tambayi Malama, keken wanga yana iya gina randa?

Malama Mai Yumɓu:
A gaishe min da Inna da kyau, Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana. A faɗa mata ni ma ban ce keke zai maye gurbin hannunta ba. Randa da tulu sai ginin hannu, kuma ruwan randar Inna ba abin da zai kamo shi sanyi. Keke na ƙananan kaya ne, kwano da kofi da faranti, waɗanda ake so su fito bai ɗaya da yawa. Amma mu zangonmu gajere ne, ba mu da shekara guda ta taka yumɓu.

Ɗan Samaru:
Barkanku da yamma. Na yi karatun wannan fanni a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, bari in ɗan tsoma baki. Maganar Inna tana da tushe fiye da yadda ake zato, domin yumɓun ginin hannu da na keke ba iri ɗaya ba ne. Iyayenmu suna zuba dakakken tsingaro, wasu ƙaiƙayi, wasu kashin jaki, don ƙasar ta samu ƙofofin numfashi. Shi ya sa tukunyarsu take jure wutar kara da ke tashi farat ɗaya. Wannan haɗin idan aka ɗora shi a keke, kafin a gama kwano biyu ya goge wa ɗalibi gefen hannu har jini. Shi kuma yumɓu mai laushi da ke daɗin juyi, idan aka jefa shi cikin wutar fili sai ka ji yana fashewa.

To mafita tana tsakiya. A shanya ƙasar ta bushe ƙayau, a daka, a jiƙa a cikin ruwa mai yawa har ta zama kamar kunu, a tace da rariya mai ƙananan ido, a bar ta ta kwanta, a tsiyaye ruwan sama. Sai a zuba tsingaron da aka daka aka tankaɗe ya yi laushi kamar yashi mai kyau, misalin kashi ɗaya cikin goma zuwa biyu, a gwada a ga abin da ƙasar ke ɗauka. Bayan an cuɗa, a ƙulle a leda a ajiye sati ɗaya ko biyu, ya fi danƙo.

Sannan kafin a gina komai, Malama, ki sa kowane ɗalibi ya yi gwaji biyu. Ya murza yumɓu kamar igiya ya naɗe a yatsa: in ya tsattsage, ba shi da danƙo. Ya kuma yi ɗan falle ya ja layi mai tsawon santimita 10 a kai, ya auna bayan ya bushe, ya sake aunawa bayan an gasa shi a wuta. Yawanci za a ga ya ragu da kusan santimita guda. Ɗalibin da ya auna wannan da hannunsa ba zai zo yana tambaya don me kwanonsa ya ƙanƙance ba.

Ɗan Maginiya:
Inna ta ƙara da cewa a kula da 'yan fararen duwatsu da ke cikin ƙasar wasu wurare na bakin gulbi. Ta ce tukunya takan fito lafiya lau, bayan kwana kaɗan sai ka ga ƙuraje sun ɓullo suna ɓantarewa.

Ɗan Samaru:
Gaskiyar Inna. Dutsen farar ƙasa ne. Wuta tana dafa shi, daga baya ya sha danshin iska ya kumbura ya ture abin da ke kansa. A ɗiga masa ruwan lemun tsami, in ya yi kumfa to shi ne. Tacewa da rariya mai kyau ce maganinsa.

Autar Hajiya:
Sannunku iyayena da yayyena. Ni ɗaliba ce, ban daɗe da fara koyo ba a wani wuri daban. Don Allah ku bar mu mu hau keke da wuri. Ni abin da ya fi ba ni wuya shi ne tsayar da curin yumɓun a tsakiyar faifai. Sai ya yi ta rawa, hannuna na bin sa. Idan aka ce sai bayan wata guda zan fara, yaushe zan iya? Wannan ba a koyonsa da kallo.

Mushen Zane:
'Yata, kin faɗi ciwon kowane sabon ɗalibi. Hannunki na bin yumɓu ne saboda gwiwar hannunki tana reto a iska. Ki kafa gwiwar hannun hagu a cinyarki, ki sunkuyo har hancinki ya zo saitin tsakiyar faifan, ki bar nauyin jikinki ya yi turin, ba ƙarfin damtse ba. Kada ki ɗauki babban curi. Rabin kilo ya isa, ko ƙasa da haka. Kuma yumɓun ya kasance mai taushi, mai tauri wahalar banza ce ga mai koyo. Idan za ki ɗauke hannu, ki ɗauke a hankali. Fizge hannu shi ke mayar da shi rawa bayan ya riga ya tsaya.

Malama, ga abin da nake yi wa nawa, ko da yake ba sa so. Kwanonin farko ba a ajiye su. Da zarar ɗalibi ya gama, sai in ba shi siririyar wayar ƙarfe ya raba kwanon biyu daga ƙasa zuwa sama, mu duba cikin tare. A nan zai ga gindi ya yi kauri kamar tafin hannu, baki kuma ya yi siriri kamar takarda. Magana dubu ba ta kai wannan gani ɗaya ba. Yumɓun kuma bai ɓaci ba, a sake cuɗawa.

Malama Mai Yumɓu:
Mushe, wannan na yanka kwano zan ɗauka, amma ba a ranar farko ba. Akwai yarinyar da a gida ba a taɓa ce mata ta iya wani abu ba. Idan abu na farko da ya tsaya a hannunta aka ce ta yanka, ba za ta dawo ba. Zan bar kowa ya ajiye na farkonsa komai karkacewarsa, ya sa alamarsa a gindi. Daga na biyu sai waya.

Mushen Zane:
Na yarda. Kin fi ni sanin ɗalibanki.

Maman Walid:
Ku yi haƙuri in katse ku. Ni kayan ɗakin amare nake sayarwa, kuma ni ce zan ɗauki kayan nan in kai gaban mai saye. Duk wannan bayani yana da kyau, amma gaskiya mace ba za ta bar tangaran mai sheƙi ta sayi jan kasko ba. Ku koya musu abin da zai yi ƙyalli. Na ji an ce akwai masu daka farin garin da ke cikin tsohon batirin mota su shafa kafin gashi, ya fito sul kamar gilashi. In ba haka ba ko fentin mota a fesa, a bi da bani, man nan mai sa sheƙi. Me zai hana?

Likita Ɗan Gulbi:
Hajiya, don girman Allah a bar maganar batir. Na daɗe ina karanta zancen nan ban ce komai ba, amma wannan ba zan yi shiru ba. Abin da ke cikin batirin mota dalma ce. Gaskiya ne tana narkewa a wuta kaɗan ta ba da sheƙi, shi ya sa ake ruɗuwa da ita. Amma duk abu mai tsami da aka zuba a kwanon, fura da nono, kunun tsamiya, miyar yakuwa, zoɓo, yana jawo ta cikin abinci. Ba ta da ɗanɗano, ba ta da wari, wanki ba ya fitar da ita, tafasawa ba ta kashe ta. Tana taruwa a jikin yaro tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta lalata ba ya dawowa. Mai ciki ma tana miƙa wa ɗan cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da za a ce ba shi da illa. Duk mun ji abin da ya faru a Zamfara a 2010, nan maƙwabtanmu, inda ƙurar dalma daga dakan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400. Su ɗaliban da za su daka garin su ne na farko da za su shaƙa, su kwasa a tufafinsu su kai wa ƙannensu. Haka shi ma dutsen kwalli mai ƙyalli, kada a ce za a daka a shafa, dalma ce a cikinsa. Fentin mota kuwa ba a yi shi don abin cin abinci ba.

Maman Walid:
Innalillahi. Wallahi likita ban san abin ya kai haka ba, ji na yi ana faɗa. Allah ya tsare. Amma tambayata tana nan fa. Da me za su ja hankalin mai saye?

Ɗan Samaru:
Tambayarki a kan hanya take, Hajiya. Akwai sheƙin da ba shi da guba, wanda ake haɗawa da toka da yumɓu da garin dutse, amma yana son wuta ta kai wajen digiri 1250, kuma sai da ginannen murhu na bulo mai jure zafi. Wutar kara a fili da ƙyar take wuce 800 ko 900. Don haka a zangon farko a cire rai da wannan.

Amma ku ciro naira 20 ku duba bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya Ladi Kwali ce. Da hannu ta koya tun tana yarinya a ƙasar Gwari, ta riga ta shahara kafin ta taɓa keke. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya buɗe a Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, ita ce mace ta farko a wurin. Can ta koyi keke, ta riƙa yin kwanoni da farantai. To zanen da ya kai sunanta duniya ba na Turawa ba ne, na gidansu ne: ƙadangare, kunama, kifi, kada, hawainiya, tsuntsu. Takan tsoma kwano a ruwan jar ƙasa ko fara, sannan ta karce zanen da ƙayar beguwa har launin ƙasan ya bayyana. Wannan karcen ba ya bukatar komai da babu shi a Maradi.

Malama Mai Yumɓu:
Nan ne inda zuciyata take, kuma shi ya sa nake ja da masu gaggawar fenti. Adon kwanon ƙasa ba bayan an gama ake ɗora shi ba, yana da lokacinsa a cikin bushewa, kuma lokacin gajere ne. Sai kwanon ya sha iska ya yi taurin sabulun wanki: ka ɗauke shi ba ya lotsewa, ka sa farce kuma yana shiga, abin da ya fito ya fito a murɗe, ba gari ba. A daidai nan ake kifa shi a keke a fere gindi, a nan ake shafa ruwan jar ƙasa, a nan ake karce. In an yi sauri, tsinke ya yi ta jan laka yana cika layin. In an makara, abin da aka shafa ya ɓare, bakin layi ya yi ta gutsurewa.

Ga shi kuma muna cikin hunturu. Kwanon da aka sauke da hantsi, kafin la'asar bakinsa ya yi fari gindi na nan jiƙe, sai tsagewa. Dole kowane ɗalibi ya zo da tsohuwar leda, a rufe, da zarar baki ya iya ɗaukar nauyi a kife shi. Ɗalibin da bai yi ginin hannu ya san waɗannan matakai a yatsunsa ba, ta yaya zai gane lokacin zane?

Abu mafi sauƙi da nake so in fara da shi shi ne zobe. A mayar da kwanon tsakiyar faifai, a tsoma buroshi ko gashin kaza a ruwan jar ƙasa, a tsayar da hannu cak, keke ne zai yi tafiyar. Yaro ya ga layi ya zagayo ya haɗe da kansa ba karkata, daga nan ya kamu. Sai a ba shi tsinke ya cika tsakanin zobe biyu.

Mushen Zane:
Kuma kada a ce su zana abin da suka ga dama, fure da zuciya za su cika miki aji da su. Ki aike su kasuwa ranar Litinin ko Juma'a su tsaya wurin masu ƙwarya su kwafo zane uku a takarda. Su duba aikin wuyan babbar riga, aska takwas da sauransu, su duba dagi a jikin tsofaffin gidaje, su duba faifan kaba da tabarma, da zanen dukawa a jikin fata. Sai dai a tuna musu kwano zagaye ne, ba shi da farko ba shi da ƙarshe. Su raba bakin gida huɗu da ɗigo, sannan takwas, kafin su ja layi ko ɗaya, in ba haka ba zanen ƙarshe zai zo ya matse. Kuma kada a cika ciki da waje duka. In waje ya sha ado, a bar ciki ya huta.

Ɗan Maginiya:
Inna ta ce sheƙin da Hajiya ke nema ai akwai shi tun da. Bayan an shafa jar ƙasa, kafin ya ida bushewa, a samu dutse mai santsi na gulbi a yi ta guga, ko a yi da tsarkiyar 'ya'yan kuka. Ta ce dutsenta na guga na uwarta ne. In baƙi ake so, da an fiddo shi daga wuta da zafinsa a turbuɗe shi cikin dusa ko ƙaiƙayi, hayaƙi ya shige shi, ya fito baƙi wuluk yana ɗaukar ido. Wasu kuma ruwan bagaruwa suke yayyafawa tun yana da zafi. Ta ce a gwada totuwar masara ko murɗaɗɗiyar igiya, a mirgina a kafaɗar kwanon tun yana ɗanye.

Ɗan Samaru:
Bayan cokali ma yana guga da kyau ga wanda ba shi da dutse. Kuma an yi sa'a, gogaggen kaya ƙaramar wuta yake so. In ta haura wajen digiri 1000 sheƙin yana dusashewa. Sai dai a gaya wa mai saye gaskiya: irin wannan kwano yana tsotsar ruwa da mai. Na dabino ne, da goro, da gyaɗa, da cincin, da turaren wuta, da adon ɗaki. Ba na ajiye miya a kwana ba ne.

Maman Walid:
To in dai kaskon turare ne da kwanon dabino, baƙi mai ƙyalli da zane, wannan ina da masu saye, musamman gab da azumi. Na ga yadda ake rububin kayan yumɓun garin Mirya da na Bubon idan an kawo baje koli a Yamai. Amma su zama saiti, uku ko shida girmansu ɗaya. Amarya ba ta jera abu ɗaya tilo.

Mushen Zane:
Wannan kuma aikin sikeli ne. A auna kowane curi nauyi ɗaya, a kafa tsinke a gefen keke daidai inda baki zai tsaya.

Likita Ɗan Gulbi:
Ƙari ɗaya Malama. Kada a goge busasshen kwano da takardar yashi a cikin ɗaki, kada kuma a share ajin da tsintsiya a bushe. Ƙurar yumɓu tana zama a huhu shekara da shekaru. A yayyafa ruwa, a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Masu dakan tsingaro su yi a waje, su rufe hanci.

Mai Walda na Sabon Gari:
Salam. In keke biyu sun yi kaɗan, ana iya ƙerawa a nan. Ƙarfen da tayar mota ke juyawa a kansa, da sandar ƙarfe miƙaƙƙiya, da tsohuwar taya a cika ta da siminti ta zama abin shuri. Abin kula kawai faifan sama ya zauna daidai, in ya karkace ko kaɗan ɗalibi zai yi ta zargin hannunsa a banza. In na ga naku na auna zan iya gwadawa.

Malama Mai Yumɓu:
Madalla, Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan bi rabon Mushe na gida uku, kowa ya taɓa keke tun satin farko, amma ba wanda zai hau sai da yumɓun da ya gyara da hannunsa, kuma ba za a yi zane a kwanon keke ba sai an gwada a falle da kaskon hannu. Abin da ya rage mini shi ne gashi. Ba mu da ginannen murhu tukuna, kuma ina tsoron wutar fili ta cinye mana aikin zango guda.

Ɗan Samaru:
Hatsarin a farko yake. Ruwan da ya rage a jikin kwano in ya tafasa bai samu hanya ba shi ke fasa shi, don haka a ɗumama a hankali sosai. Akwai kuma wata gaɓa wajen digiri 573 inda yashin cikin yumɓu ke kumbura farat ɗaya, a hawa da sauka duka, shi ya sa ba a son iska mai sanyi ta buge shi. Ku sa ƙananan kwanonin a cikin tsohuwar babbar tukunya, a rufe da tsingaro, harshen wuta ba zai taɓa su kai tsaye ba. Amma wanda za a turbuɗe a dusa dole a fiddo shi da zafi, don haka a ware masa yumɓun da ya fi yawan tsingaro.

Ɗan Maginiya:
Malama, Inna ta ce ba sai kin yi wahala ba a karon farko. In kayan sun bushe ki kawo su Tibiri ta sa su cikin nata gashin, ɗalibai su zo su gani da idonsu. Ta ce sharaɗinta biyu: su kwana bakwai a inuwa sannan su wuni a rana kafin a ɗauko su, kuma a jera su cikin kwali da ƙaiƙayi saboda hanya. Ta ce a zo da dami biyu na kara, kashin shanu akwai a gida. Da la'asar take tada wuta, in iska ta kwanta.